Minti Goman da Agatha Christie Ta Ɓoye a Fili

Tambaya: Malam, barka da war haka. Ni ɗaliba ce, tun bara nake bin littattafan Agatha Christie ɗaya bayan ɗaya, yanzu na karanta takwas. Daren jiya wajen ƙarfe biyu na gama The Murder of Roger Ackroyd, na kasa barci. Ya fi sauran yi mini daɗi, amma raina yana ce mini an yaudare ni, domin wanda ya yi kisan mutum ne da bai kamata a ce shi ba ne. Wannan ba ha'inci ba ne daga marubuciyar? Kuma me ya sa mutum zai ji daɗin an raina masa wayo?

Amsa: Barka kadai, ɗiyata. Kafin in ce komai, duk wanda bai karanta littafin nan ba, kuma yana da niyyar karantawa, ya dakata a nan, ya je ya karanta ya dawo. Babu yadda zan amsa wannan tambaya ban kama sunan mai laifin ba.

To, saura mu da muka sani. Likitan ne, Dokta James Sheppard, wanda yake ba mu labarin da bakinsa tun shafin farko, maƙwabcin Poirot gwanin binciken da ke cikin labarin, mutumin da ya yi ta bin sa lungu-lungu yana taya shi bincike. Kuma hukuncina shi ne ba a ha'ince ki ba. An dai yi miki dabara, ke kuma kika taya. Na daɗe ina koyar da adabi, na sha sa ɗalibai su ɗauki biro su bi littafin nan babi-babi su nemo mini jimla ɗaya da likitan ya yi wa mai karatu ƙarya a cikinta kan abin da ya faru a daren. Sukan dawo da ƙaryar da ya yi wa 'yan sanda, da wadda ya yi wa Caroline 'yar'uwarsa, da wadda ya yi wa Poirot. Wadda ya yi mana mu masu karatu, ita ce take gagarar su.

Ki tuna kacici-kacicin da ake yi mana muna yara bayan an ci tuwon dare. A ce miki, baba na ɗaka gemunsa na waje. Ki yi ta lissafa tsofaffin unguwa, ki gaji, ki ce kin ba da gari. Sai a ce wuta da hayaƙi. Babu yaron da yake tashi yana cewa an cuce shi, dariya yake yi, domin da jin amsar ya ga ashe kowace kalma a wurinta take, shi ne ya ɗauki baba a matsayin mutum. Da a ce amsar wani abu ce da bai dace da kalmomin ba, da an yi rigima. Daɗin da kika ji da ƙarfe biyun dare irin na wanda ya ba da gari ne bayan ya tabbata tambayar halas ce. Abin da ya rage shi ne in nuna miki halascinta.

Ɗauko littafin ki buɗe babi na huɗu, wajen ƙarshensa. Roger Ackroyd, attajirin ƙauyen King's Abbot, ya ja likitan ɗakin karatunsa bayan cin abincin dare, ya gaya masa cewa Misis Ferrars, matar da yake shirin aura, ta furta masa ita ta sa wa mijinta guba, kuma akwai wanda ya san haka, yana ta tatsar kuɗinta da barazanar tona mata asiri. Ta sha maganin barci ta mutu, amma kafin nan ta aiko da wasiƙa mai ɗauke da sunan mutumin. Likitan ya gaya mana an shigo da wasiƙar ƙarfe tara saura minti ashirin. A jimlar da take biye ya ce ya bar ɗakin tara saura minti goma, ba a kai ga karanta wasiƙar ba, ya ɗan tsaya hannunsa a kan mariƙin ƙofa yana waiwaye ko akwai abin da ya manta bai yi ba. Tsakanin jimlolin nan biyu akwai minti goma, kuma a cikinsu ya caka wa mutumin wuƙa. Duka jimlolin gaskiya ne. Ba a karanta wasiƙar ba kuwa, tunda mai karanta ta ya riga ya mutu. Waiwayen da kika ɗauka na aboki ne mai damuwa da halin abokinsa, ashe na mai laifi ne da yake duba ko ya bar sawu.

Daga nan abin ya yi ta jeruwa. Ya ce ya isa ƙofar harabar gidan daidai lokacin da agogon coci ya buga tara, alhali tafiyar minti biyar ce daga cikin gida zuwa wurin, shi kuwa ta ɗauke shi goma. Ya faɗi lokutan biyu da bakinsa, ya bar miki lissafin, Poirot ne kaɗai ya zauna ya yi shi. A cikin minti biyar ɗin da suka yi rara ne ya zagaya ta taga ya buga sawun takalmin Ralph Paton, agolan mamacin, don a ɗora masa laifin. Wayar da aka bugo masa gida bayan ƙarfe goma, ki sake dubawa, ba a taɓa jiyar da mu abin da mai bugowar ya ce ba. Abin da likitan ya amsa muka ji, sai kuma abin da ya gaya wa Caroline, wai babban yaron gidan Ackroyd ne yake cewa an kashe maigidansa. Da aka ɓalle ƙofa aka ga gawa, ya aiki yaron gidan ya kira 'yan sanda, sai ya ce mana shi kuma ya yi ɗan abin da ya kamata a yi. Wa zai tambayi likita abin da ya yi a kan gawa? Ashe na'urar ɗaukar murya ya jefa a jakarsa, wadda ya saita ta yi magana da muryar Ackroyd ƙarfe tara da rabi don a zaci yana da rai a lokacin da shi likitan yana zaune a gidansa, sannan ya mayar da kujerar da ya kare na'urar da ita jikin bango.

Wanda ya fi burge ni duk ba waɗannan ba ne. A babi na goma sha biyu Poirot ya tara mutanen gidan a kan tebur, ya dube su ɗaya bayan ɗaya ya ce kowane ɗayansu yana ɓoye masa wani abu. Likitan ya rubuta cewa kowa ya sunkuyar da kai, har da shi kansa. Mutum ya gaya miki ƙiri-ƙiri yana da abin ɓoyewa, kika karanta, kika wuce. Ni ma na ga ɗalibai masu kaifin basira sun wuce.

Yanzu ga tambayar da ta fi muhimmanci: me ya rufe miki ido? Littattafai takwas ɗin nan da kika karanta su suka rufe shi. Tun daga Edgar Allan Poe, wanda ya aza harsashin irin wannan labari a 1841, zuwa Sherlock Holmes da ya bayyana a 1887 tare da Dokta Watson, an saba wa masu karatu da tsari guda: ga mai bincike mai kaifin ƙwaƙwalwa, ga abokinsa mai gaskiya wanda bai kai shi basira ba, shi yake riƙe da alƙalami. Wannan aboki shi ne idon mai karatu, kuma ba a zargin ido. Ita kanta Christie ta bi wannan tsari tun littafinta na farko a 1920, inda Kyaftin Hastings yake ba da labarin Poirot. Da ta zo rubuta wannan a 1926, Hastings ya riga ya yi aure ya koma Ajantina, kujerarsa babu kowa, sai ta zaunar da wani a kai. Kuma ta zaɓi likita, kamar Watson. Har ta sa Poirot yana cewa likitan yana tuna masa da tsohon abokinsa. Ba ta taɓa ce miki ki amince da shi ba. Kujerar da ya hau ce kika amince da ita. Ana zaton wuta a maƙera, kowa ya zuba ido kan agola mai bashi da yaron gida mai laɓe, ita kuwa tana can tana ci a masaƙa.

Shi ya sa nake gaya wa mutane kada su fara karatun Christie da wannan littafi. Wanda bai taɓa karanta labarin bincike ba zai iya zargin likitan tun da wuri, don ba shi da sabon da za a kama shi da shi. Tarkon na gwanaye ne. Ke da kika san halinta, kika san takan ɓoye mai laifi a inda ba a zato, kin shiga littafin da shirinki, kina zargin kowa har mai wanke kwanuka, amma kika manta da wanda yake riƙe miki fitila. A nan ne daɗin samun marubucin da mutum ya fi so yake, a ganina. Wasa ne da yake tafiya daga littafi zuwa littafi, kamar abokan dara biyu da suka shekara suna zama a gindin bishiya ɗaya. Kina koyon hannunta, ita ma tana rubutu ne da sanin kin koya. Ta rubuta littattafan bincike 66, kuma a cikin mafi kyawunsu abin da take yi ke nan, ta lura da dokar da mai karatu ya kafa wa kansa ba tare da ya sani ba, sai ta bi ta ƙarƙashinta.

Amma kada in sa ki ji kamar ƙorafinki shirme ne. Ba ke kika fara yin sa ba, tun fitowar littafin aka rabu biyu a kansa. A 1929 wani limamin Katolika ɗan Ingila, Ronald Knox, wanda shi ma marubucin irin waɗannan labarai ne, ya fitar da dokoki goma na rubuta su. Ta farko ta ce dole a ambaci mai laifi tun farkon labari, amma kada ya zama wanda aka bar mai karatu ya shiga cikin tunaninsa. Ta tara kuma ta ce abokin mai bincike kada ya ɓoye abin da yake ransa. In aka bi wannan ma'auni, Christie ta taka doka biyu. Dorothy L. Sayers, wadda ita ma gwana ce a fagen, ta tsaya mata, hujjarta kuwa ita ce aikin mai karatu ne ya zargi kowa da kowa. Ni ina tare da Sayers, kuma ina da ƙarin dalili daga cikin littafin. Abin da muke karantawa ba tunanin likitan ba ne yana gudana, rubutu ne da ya zauna ya tsara da niyyar a karanta, yana fatan ya zama tarihin binciken da Poirot ya faɗi a cikinsa. Ya ma miƙa wa Poirot rubutun ya duba, shi kuma ya yaba masa da wani irin yabo mai harshen damo, wai ya cika kawaici, ya ɓoye kansa a bayan labari, ba kamar Hastings ba. Mai laifin da yake rubutu don mai bincike ya karanta, ai dole ya auna kowace kalma. Shirun nasa yana da dalili a cikin labarin, kuma wannan ne ya raba dabara da ha'inci. Marubutan ma ba su riƙe ta da laifi ba. Ƙungiyarsu ta Landan, Detection Club, da aka kafa a 1930 kan aƙidar yi wa mai karatu adalci, Christie ce ta shugabance ta daga 1957 har rasuwarta a 1976. A 2013 kuma ƙungiyar marubutan labaran laifuka ta Birtaniya ta kaɗa ƙuri'a, wannan littafi ya zo na ɗaya a tarihin fagen.

Inda zan yarda an ɗan ja igiya da yawa shi ne batun na'urar. A ce likitan ƙauye ya haɗa na'urar ɗaukar murya da wani abu mai aiki kamar agogon ƙararrawa, ya samo takalmin wani, ya shirya wanda zai bugo masa waya daga tashar jirgin ƙasa, duk a cikin yini guda, tun kafin ya tabbatar akwai wata wasiƙa, wannan sai an runtse ido ɗaya. Ta yi ƙoƙarin share fage, ta nuna mana yana da ɗan ɗakin da yake kwance agogo da injina yana ɗaurawa. Duk da haka nan ne ɗinkin ya fi fitowa. Marubucin labaran bincike Raymond Chandler ya soki irin waɗannan labarai na Ingila a 1944 saboda wannan, cewa ba haka mutane suke kisa a duniya ba. Edmund Wilson mai sharhin adabi kuma a 1945 ya rubuta maƙala a mujallar New Yorker wadda kanunta kaɗai ya isa zagi, yana tambayar wa ma ya damu da wanda ya kashe Roger Ackroyd. Suna da gaskiyarsu, sai dai sun je kasuwar hatsi ne suna neman atamfa.

Bari in faɗa miki wani abu da zai sa ki gode wa Allah. Ni ban taɓa samun daren da kika samu ba. A zamaninmu James Hadley Chase muke yayi, ana musayar littattafansa hannu da hannu har bango ya cire, kuma shi nasa salon daban ne, sau da yawa kin san mai laifi tun farko, zuciyarki tana bugawa ne kan yadda zai ƙare. Wata rana na tsinci wannan na Christie wurin masu baza tsofaffin littattafai a bakin titi. Ina buɗe shafin farko sai ga rubutu da jan biro, wani marar imani da ya riga ni karantawa ya rubuta: likitan ne. Har yau ban san ko wane ne ba, ban kuma ce na yafe ba. Na karanta shi a haka, don na riga na biya kuɗina. Abin mamaki, ban iya ajiye shi ba. Kowace jimlar likitan sai na gan ta da fuska biyu. Inda ya ce shekara guda da ta wuce ya ci wani gado ya yi asararsa a cacar hannun jari, na san kuɗin matar nan ne, wajen fam dubu ashirin da lauya ya ce sun fita daga hannunta. Inda Caroline ta ce ɗan'uwanta mutum ne mai rauni, sai na ji tsikar jikina ta tashi. Inda Poirot ya zauna a falonsu yana ba da misalin wani mutum, ba mugu ba, mai ɗan rauni a zuciya, wanda ya tsinci sirrin wani ya ga hanyar kuɗi, na san da wa yake, na kuma san mutumin yana zaune yana ji.

Daga baya na ga masana sun gwada wannan. A 2011 wasu masu binciken halayyar ɗan'adam biyu a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diyego, Jonathan Leavitt da Nicholas Christenfeld, sun ba ɗalibai gajerun labarai goma sha biyu, wasu an gaya musu ƙarshen tun kafin su fara, wasu ba a gaya musu ba. Waɗanda suka san ƙarshen sun ɗan fi jin daɗi, har a labaran bincike. Wasu gwaje-gwajen da suka biyo baya sun sami akasin haka, saboda haka ba zan ce miki magana ta ƙare ba, kuma kada ki kafa hujja da ni ki je ki ɓata wa ƙawarki karatu. Abin da na ɗauka a ciki shi ne littafi irin wannan daɗi biyu gare shi. Na farko sau ɗaya ake shan sa a rayuwa, ke kin sha, ni an zubar mini. Na biyu yana nan yana jiran ki, kuma da shi ake gane gwanin marubuci, domin labarin da aka gina kan ƙarya rushewa yake yi a karatu na biyu.

Idan kin koma, ki bar bin sawun Poirot, shi da kabewarsa da ya yi ritaya yana nomawa, har ya wurgo ɗaya ta kan katanga ta kusa samun likitan. Caroline za ki sa wa ido. A karatun farko ita ce abin dariya, tuzuruwa mai baza kunne, wadda ba sai ta fita ƙofar gida ba, mai kawo madara da 'yan aikin maƙwabta suna kawo mata labarin gari kaf. Christie da kanta ta ce tana jin daga jikin Caroline ne Miss Marple, tsohuwar nan mai bincike a wasu littattafan nata, ta samo asali, wadda littafinta na farko ya fito a 1930. A karatu na biyu dariyar takan ragu. Matar da ta san wanda ya gana da wa a bayan gari, ta san majinyatan da suka zo wurin ɗan'uwanta da safe ɗaya bayan ɗaya, a ce ba ta san abin da yake kwana da ita gida ɗaya ba? Ko ta sani ne ta ƙi bari zuciyarta ta faɗa mata? Saboda ita ne Poirot, bayan ya gano gaskiya, ya ba likitan dare guda, ya bar masa ƙofar maganin barci a buɗe maimakon igiyar rataya, don kada ta ji kunyar duniya. Wannan hukunci na Poirot ni har yau bai kwanta mini ba, ban ga wanda ya naɗa shi alƙali ba.

Wani malamin adabi Bafaranshe, Pierre Bayard, ya wuce nan ma. A 1998 ya fitar da littafi sukutum yana cewa Poirot ya yi kuskure, Caroline ce ta yi kisan, likitan kuma ya ɗauki laifin ne don ya rufa wa 'yar'uwarsa asiri. Hujjarsa mai sauƙi ce: in kin yarda mutumin nan ya iya ɓoye abu a babi ashirin da shida, me ya sa za ki gaskata shi a na ashirin da bakwai? Ban yarda da shi ba, domin girman kan da likitan ya nuna a babin ƙarshe, yana yaba wa kansa yadda ya tsara jimlolin nan biyu na wasiƙa, ba irin na mai sadaukar da kai ba ne. Amma na kwana biyu ina juya maganar kafin in ƙi ta. Ki sake karanta babi na goma sha shida, inda suke wasan mahjong, wani wasan tebur, da baƙi ana gulmar kisan, ki lura da abin da Caroline take tambaya da abin da take tsallakewa, sannan ki rubuto mini ki gaya mini ɓangaren da kika faɗa.